P, R, N, D, 2, L: Me Kowane Harafi Ke Yi a Giyar Mota Otomatik?

Tambaya: "Assalamu alaikum. Na daɗe ina tuƙa Golf mai giyar hannu, kwanan nan na sayar da ita na sayi Corolla 2007 otomatik 'yar Kwatano. A jikin giyar akwai P, R, N, D, 2 da L, ga kuma wani ɗan maɓalli a jikin sandar, in na danna sai O/D OFF ya kunno a dashbod. Ni dai P da R da D kawai nake taɓawa. Wani abokina ya ce in riƙa mayar da ita N a danja da gangara don ta rage shan mai, wani kuma ya ce hakan yana kashe giya. Sannan ƙofar gidana tana da ɗan tudu, da safe in zan cire ta daga P sai sandar ta yi tauri, ta fita da ƙara, ƙau! Don Allah a yi min bayani." Mai karatu daga Rijiyar Zaki, Kano.

Amsa:

Wa alaikumus salam, Malam. Allah ya sanya alheri a motar, ya tsare hanya. Tambayarka uku ce a dunƙule: aikin haruffan nan, wanda ke da gaskiya tsakanin abokanka biyu a kan N, da kuma inda ƙarar nan ta safe take fitowa. Gyaran giya ne sana'ata a nan Kano, kuma da yawa daga giyoyin otomatik da ake kawo mana a mace, in ka bi diddigi, za ka tarar mai motar tsohon direban giyar hannu ne da ya kwaso ɗabi'un waccan motar ya sauke a kan wannan. Don haka ka kyauta da ka tambaya tun giyar taka tana da lafiya.

Bari mu fara leƙa cikin akwatin, domin in ka san abin da ke ciki, rabin amsar kai za ka ba kanka. A Golf ɗinka, in ka taka kuloci ka tura sanda, hannunka ne da kansa yake haɗa giyar da ka zaɓa. A otomatik kuwa sandar saƙo take kaiwa. Cikin akwatin Corolla irin taka akwai giya huɗu na gaba da ɗaya na baya, kuma ƙarfin man giya ne yake shigar da su. Akwai famfo da ke matsa man, man ya bi ta wasu siraran hanyoyi, kwamfutar mota ta buɗe wannan hanya ta rufe waccan, man ya je ya matse faiba, wato siraran fayafayan da ke kama juna a cikin akwatin, giya ta shiga. A gurbin kuloci kuma akwai kwambata, wata rufaffiyar tukunyar ƙarfe cike da mai da ke zaune tsakanin inji da giya. Ɓangaren da ke jikin inji yana juyawa yana watsa mai, man yana tura ɓangaren da ke jikin giya. Shi ya sa kana tsaye a D ƙafarka kan birki inji ba ya mutuwa, shi ya sa kuma da ka ɗaga ƙafa motar take fara rarrafe tun ba ka taɓa totur ba.

Ka riƙe abu guda tun daga nan: inji ne yake juya famfon nan. In inji a kashe yake, man giya ba ya zagayawa. Hukunce-hukunce da dama da za ka ji a ƙasa daga nan suka taso.

Jerin haruffan ma ba haka ya faro ba. Giyar otomatik ta farko da aka ƙera da yawa aka sayar wa jama'a ita ce Hydra-Matic ta kamfanin General Motors na Amurka, wadda ta fito a motar Oldsmobile ta 1940. Babu P a jikinta, kuma R tana can ƙarshe, maƙwabciyar L. Direba yana neman ƙaramar giya, hannunsa ya ɗan zarce, sai ga shi a ribas. A shekarun 1960 hukumomin Amurka suka wajabta a sa N tsakanin giyar baya da giyar gaba, tsarin P, R, N, D ya zauna har yau.

P da ƙarar nan ta safe

Nan zan fi tsayawa, saboda ita ce matsalar da ke hannunka yanzu. In ka sa P, babu tayar da birki ya kama. Abin da ke faruwa shi ne, cikin akwatin giya akwai wani faifan ƙarfe mai haƙora da ke juyawa tare da tayoyin gaba, a gefensa kuma akwai ɗan ƙugiyar ƙarfe da ba ta wuce girman yatsa ba. Kana tura sanda P, ƙugiyar ta faɗa tsakanin haƙora biyu ta kulle faifan, kamar yadda sakata ke faɗawa raminta a bayan ƙofa. In wani ya jingina da ƙofar da dukkan nauyinsa, ka san zare sakatar sai da ƙarfi. To abin da kake yi kowane dare ke nan. Ka tsaya a tudu, ka sa P, ka ɗaga ƙafa daga birki, motar ta ɗan gangara taƙi guda ta tsaya. Wannan 'yar girgizar da kake ji, nauyin mota ne fiye da tan ɗaya ya sauka a kan ƙugiyar. Haka take kwana a matse. Da safe ka fizge ta da ƙarfi, ta fita da ƙau.

Sau ɗaya ko biyu ba ya karya komai, ƙarfen yana da ƙwari. Amma kullum safiya haka, bakin ƙugiyar yana cinyewa, wayar da ta taso daga sanda zuwa giya tana miƙewa, robobin da ke riƙe inji da giya suna shan jijjiga.

Gyaran ba ya cin ko sisi, tsari ne kawai za ka canza. Ka tsaya cak da birkin ƙafa. Ƙafarka na nan a kai, ka mayar da sanda N, ka ja hambirki sosai. Sai ka ɗaga ƙafa a hankali har ka ji motar ta zauna a kan hambirkin. Ka sake taka birki, ka tura P, ka kashe inji. Yanzu hambirki ne ke ɗauke da nauyi, ƙugiyar tana matsayin mai jiran ko-ta-kwana. Da safe kuma ka taka birki, ka tayar, ka sa D ko R, sannan ka sauke hambirki. Ka gwada yau da daddare, gobe za ka ji sandar ta zame ba gardama.

Sai dai in ka ja hambirki ka ɗaga ƙafa motar ta ci gaba da silalewa, to hambirkin ne ba shi da lafiya. Wannan ya yi yawa a motocin Kwatano, domin wasu masu su na farko ba sa jansa sam, wayar ta yi tsatsa ta daskare. Ka kai a duba wayar da birkin baya, ƙaramin aiki ne. Kuma ka tuna P tayoyin gaba kawai take kullewa a motarka, su ma ta hanyar giya. In mai faci ya ɗaga ɗaya daga cikin tayoyin gaba da jak a wuri mai gangara, motar tana iya motsawa duk da tana P. Ka ja hambirki, a sa dutse a bayan taya kafin kowa ya sa hannu.

Kada ka taɓa tura P mota tana tafiya, ko da tafiyar ƙafa ce. In da ɗan gudu, ƙugiyar za ta riƙa tsalle a kan haƙoran kana jin garrr, in kuma ta samu ta faɗa, motar ta ƙame nan take. An taɓa kawo min wata mota mai ita yana cewa P ta daina riƙewa. Da muka kwance farantin ƙasan giya, sai ga ɓallin ƙarfe kamar ƙwayar gyaɗa manne a jikin maganaɗisun da ke tara tarkace. Bakin ƙugiyar ne. Yaron gidan ne ke koyon mota da ita, yana sa P kafin ta gama tsayawa. Ƙarfen da ya karye ba shi da tsada, amma kafin a kai gare shi sai an sauke giya gaba ɗaya.

Abu biyu kuma da za su iya ɗaga maka hankali a banza. Motar ba za ta tashi ba sai a P ko N, makulli ma ba zai zaru ba sai a P. In ka murɗa ka ji shiru alhali fitilun dashbod sun kawo, duba sanda tukuna kafin ka zargi batir. Na biyu, sandar ba ta barin P sai ka taka birki. Ran da ka taka ta ƙi fita, ka sa wani ya duba ko fitilun birki na baya suna kamawa. In ba sa kamawa, yawanci fis ne ya ƙone ko ɗan makunnin da ke saman fedar birki ya mutu, giyarka lafiya lau. Kusa da sandar akwai ɗan murfi ko maɓalli, a wasu motocin an rubuta SHIFT LOCK. Ka ja hambirki, ka taka birki, ka danna shi, sandar za ta sauko N, ka tayar a nan ka kai gareji.

R da D

Waɗannan biyu ka san su, gargaɗi kawai zan yi. Tsakanin R da D, mota ta tsaya cak kafin ka canza. Mun saba ganin mutum yana juyawa a lungu, motar tana kan komawa baya ya jefa D ya taka totur. A lokacin faiba ce take yin aikin birki, kuma ba don haka aka yi ta ba. Ka sa giya, ka ba ta daƙiƙa guda ka ji ta kama, sannan ka taka. Da sanyin safiyar hunturu inji yana tashi da ƙara sama, ka ɗan jira allurar da ke nuna juyin inji ta sauko kafin ka sa giya, in ba haka ba za ta shiga da duka.

Ga kuma wadda ta shafe ka kai tsaye a matsayinka na tsohon mai Golf. Ƙafarka ta hagu ta saba neman kuloci, fedar birkin otomatik kuma faffaɗa ce. Wata rana a cunkoson Kantin Kwari ƙafar za ta tafi da kanta ta danne birki da irin ƙarfin da ake danna kuloci, mai adaidaita sahun da ke bayanka ya same ka. Ka ajiye ta can gefe a kan matakinta, ƙafar dama ta yi aikin biyun.

A D, in kana son wuce wata mota a hanyar Zariya ka danne totur har ƙasa, za ka ji inji ya ɗaga murya, giya ta sauko da kanta ta ba ka ƙarfi. Haka aka tsara ta, ba lalacewa ba ce.

Rigimar abokanka a kan N

N ita ce firi, inji yana aiki amma ba a haɗe yake da taya ba. Abokanka sun haɗa abu biyu da ya kamata a raba: tsayuwa a danja daban, gangara daban.

A danja, in tsayuwar minti ɗaya ce ko ƙasa da haka, ka bar ta a D ka taka birki. An ƙera kwambata don ta jure wannan. Man da za ka tsira da shi ta hanyar komawa N bai taka kara ya karya ba, kuma duk shiga da fita tsakanin N da D matsa ce a kan faiba. Ga haɗarin da na fi gani: danja ta saki, na baya ya danna ham, mutum ya rikice ya taka totur tana N, inji ya yi sama, sannan ya jefa D. Wannan dukan yana yi wa giya illa ƙwarai. Amma in go-sulo ne na gaske, irin na Singa ko Bata da yammacin azumi inda za ka yi minti biyar ba ka motsa ba, ga zafin Afrilu da ke haura digiri 40, ga na'urar sanyi a kunne, to ka mayar N ka ja hambirki, ko ka sa P. Kwambata tana dama mai muddin kana D a tsaye, damawar tana haifar da zafi, zafi kuma shi ne babban abin da ke kashe man giya a garin nan. Ƙafarka ma ta huta.

A gangara kuwa abokinka na farko bai yi daidai ba, kuma ina roƙonka ka bar wannan shawarar gaba ɗaya. Dabara ce ta zamanin motoci masu kafireto, direbobin haya suka gada. Motarka kwamfuta ce ke auna mata fetur. In kana gangarawa tana cikin giya ka ɗaga ƙafa daga totur, tayoyi ne ke juya inji, kwamfutar sai ta rage fetur ƙwarai, a lokuta da yawa ma ta yanke shi ɗungurungum. Da ka mayar N, dole ta ci gaba da ba inji fetur don kada ya mutu. Ka ga ribar da ake nema ba ta samu ba. Abin da ka rasa kuma babba ne: inji ya daina riƙe motar, nauyin duka ya koma kan birki, kuma in wani abu ya faɗo maka da ke buƙatar ka taka totur ka kauce, babu ƙarfi a ƙafarka. Sannan a ƙarshen gangaren za ka mayar da ita D tana gudun 80 ko 100, giya ta yi ta laluben inda za ta kama. Akwai masu kashe inji ma a gangara. Wannan wasa da rai ne, domin ƙarfin birki yana tafiya bayan taku kaɗan, sitiyari ya yi tauri, giya kuma tana juyawa babu mai.

Wannan ya kawo mu maganar jan mota. In ta mutu maka a hanya, za a iya sa N a tura ta gefen titi, babu laifi. Amma a ɗaura igiya a ja ta daga Wudil zuwa Kano tayoyin gaba suna ƙasa, inji a kashe, ka tuna famfo ba ya aiki. Ƙarafa suna juyawa a bushe. Sau da yawa matsalar da ta tsayar da motar ƙarama ce, famfon fetur ko fis, jan da aka yi mata ne ya ƙone giya. Ka nemi janwe ya ɗaga gabanta, ko mai ɗaukar ta gaba ɗaya a baya. In mota mai jan taya huɗu ce, tayoyin huɗu duka su bar ƙasa. Kuma otomatik ba ta tashi da turi, kada ka wahalar da samarin unguwa. Batir ake nema a yi mata jan wuta.

2, L da maɓallin O/D

Masu giyar hannu suna ganin 2 su ɗauka giya ta biyu ce da za a bi kafin a kai D, har na ga masu tashi a L, su matsa 2, sannan D, kullum. Babu buƙata. Waɗannan iyaka suke sa wa giya. D tana cewa ki hau har ta huɗu. O/D ita ce giya ta huɗu, don haka in ka danna maɓallin nan O/D OFF ya kunno, ka ce kada ta wuce ta uku. A 2 kada ta wuce ta biyu, a L ta zauna a ta ɗaya. Ke nan kana da matakai huɗu a hannunka, ɗaya daga ciki a maɓalli yake.

Tafiyar yau da kullum, fitilar O/D OFF ta kasance a kashe. Ka duba wannan yau ɗin nan. Mutane da dama suna zuwa da kukan mota tana shan mai tana kuma ihu a babban titi, mu leƙa dashbod mu ga fitilar a kunne, gwiwa ko hannu ya taɓa maɓallin ba a sani ba, an yi makonni ana zuwa Kaduna a giya ta uku. Amfaninsa yana zuwa ne in ka ji giya tana kai-kawo tsakanin ta uku da ta huɗu, ta hau ta sauko, ta hau ta sauko, kamar in ka yi lodi kana hawan doguwar hanya mai ɗan tudu. Ka danna ta zauna a ta uku har ka wuce wurin. Haka a gangara mai sauƙi, yana sa inji ya ɗan riƙe motar.

Kano shimfiɗaɗɗen gari ne, in ka cire Dala da Goron Dutse sai gadojin sama, su kuwa D ta ishe su. Shi ya sa direban Kano zai shekara bai taɓa 2 ba, ranar da ya buƙace ta kuma bai san da ita ba. Ranar ita ce ran da ya ɗauki iyali zuwa Jos ya zarce Akwanga ta Hawan Kibo, ko ya je Mambila. A irin wannan gangaren in ka bar ta a D, motar tana ƙara gudu da kanta, kai kuma ƙafarka tana kan birki ba ɗagawa. Birki yana zafi, ka fara jin ƙauri, feda ta fara laushi tana nutsewa, daga nan ka taka ka ji babu. Abin yi shi ne tun a saman gangaren, kafin gudu ya taru, ka rage da birki, ka danna O/D OFF, in bai isa ba ka sauko 2. Inji zai ɗaga murya, kada ka tsorata, aikinsa yake yi, kuma ba fetur yake sha ba. Idonka dai a kan allurar inji kada ta kusanci ja. Birki kuma ka riƙa taka shi ka saki, ka ba shi damar hucewa. L sai wuri mai tsananin tsayi da ake bi a hankali ƙwarai. Kada ka ja sanda zuwa 2 ko L kana tsakiyar gudu, ka rage tukuna.

A cikin gari inda za su yi maka rana shi ne damina. Watan Agusta in ruwa ya kwanta a titi kuma ka tabbata bai kai tsakiyar taya ba, ka sa L ko 2, ka shiga a hankali da taku ɗaya ba tare da ɗaga ƙafa ba, in ka fita ka ɗan tattaka birki ya bushe. In ruwan ya fi haka ka juya, babu harafin da zai cece ka. In kuma ta mutu a ciki, kada ka sake murɗa makulli, domin in inji ya shaƙi ruwa murɗawar ce ke lanƙwasa ƙarafansa. Bayan an fito da ita a duba man giya ma, in ya koma kalar madara-madara ruwa ya shiga, a canza shi kafin a tuƙa. A yashi ko taɓo, irin na hanyoyin ƙauye in an je biki ko ta'aziyya, ƙaramar giya da taku mai laushi ake so. In ta kafe, kada ka tsaya kana watsa ƙasa da taya kana jefa D da R da ƙarfi, mintuna kaɗan na wannan sun isa su dafa man giya. A haƙe gaban tayar, a sa itace ko duwatsu, a tura.

In ka ari motar wani

Haruffan suna canzawa daga mota zuwa mota, kuma nan ake yin kuskure. Honda Accord ta 2003 zuwa 2007 tana da D, D3, 2 da 1. D3 ɗin ita ce kusan O/D OFF ɗinka. Amma 2 ta Honda ta bambanta da taka: taka tana tashi a ta ɗaya ta hau ta biyu, ta Honda a ta biyu take tashi ta zauna a nan, abin da ke taimakawa a wuri mai santsi. Wasu Toyota da Lexus suna da S da alamar + da −. A yawancinsu in ka ga S4 a dashbod, ma'anarsa kada ta wuce ta huɗu, iyaka ce irin wadda na bayyana. A wasu motocin kuma S tana sa giya ta jinkirta hawa don mota ta fi zafin nama, fetur kuma ya fi tafiya. M tana ba ka damar hawa da sauka da kanka. Prius da 'yan uwanta masu haɗa fetur da batir suna da B, aikinta riƙe mota a gangara, ba a yawo da ita a gari. Tsofaffin Mercedes suna da ɗan maɓalli mai W ko C a gefe guda da S a ɗaya gefen, W ko C tana tashi a giya ta biyu a hankali. Sababbinsu kuma sandar tana jikin sitiyari, P maɓalli ce a bakinta. Duk motar da ba ka saba da ita ba, kafin ka ɗaga ƙafa daga birki ka kalli harafin da ya fito a dashbod.

Man giya da iyakar wannan amsa

Duk abin da na faɗa yana aiki ne in man giya mai kyau ne kuma irin nata ne. Corolla ta shekarunka T-IV take sha, galibi za ka ga an rubuta a jikin sandar awon man. Toyota na baya-bayan nan WS suke sha, Honda tana da nata, masu giyar CVT kuma, wato otomatik ɗin da ba ta da matakan giya a jere, nasu daban ne gaba ɗaya. Kada ka yarda da "ai duk ja ne". In za ka saya a Ƙofar Ruwa ko wani wuri, ka tafi da sunan a rubuce, ka karɓi galan a rufe da hatiminsa, ka guji na awo. Awon a motarka ana yin sa ne inji yana aiki ya yi zafi, mota a wuri madaidaici, ka bi da sanda ta kowane harafi ka dawo P, sannan ka zaro sandar awo. Ka ɗiga a farar takarda. Ja mai haske lafiya ne. In ya koma ruwan ƙasa ya tsufa. In baƙi ne yana ƙaurin ƙonewa, ka murza tsakanin yatsu ka ji ɗan gari-gari, faiba ce take narkewa a ciki, a wannan matakin kada a yi gaggawar wanke cikin giya da na'ura, a bari mai gyara ya gani tukuna.

Abin da na rubuta na giya mai lafiya ne, kuma ba na yanke wa mota hukunci daga nesa. Littafin da kamfani ya haɗo da motar yana gaba da maganata duk inda suka saɓa, in babu shi a aljihun dashbod ana samunsa a intanet da sunan mota da shekararta. In ka bi tsarin hambirkin nan kwana biyu ƙarar ƙau ba ta daina ba, ko kana jin duka duk lokacin da ka sa R ko D ko da a shimfiɗaɗɗen wuri, to a duba robobin da ke riƙe inji da giya da kuma saitin wayar sanda. In kuma ka sa D sai ta yi jinkiri kafin ta kama, ko inji yana ihu mota ba ta ja, ko fitilar O/D OFF tana ƙiftawa da kanta ba ka taɓa maɓalli ba, wannan alama ce ta matsala. Ka kai ta inda za a jona mata na'urar bincike a karanta lambar matsalar kafin kowa ya kwance ko ƙusa ɗaya, domin sau da yawa ƙaramin abu ne na wuta da ake canzawa ba tare da an sauke giya ba.